Muryar da Na Ajiye Domin Kabarin Yayata

Shekaru sun tura, abubuwa da yawa sun zube daga kaina kamar gero daga ɓulallen buhu. Amma akwai mako guda da ya ƙi zubewa, kuma na san yana nan tare da ni har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Shi ne makon da muka binne yayata, makon da na kame bakina a gidan makoki, mutane suna yi da ni a bayan idona, don kawai in cika mata alkawari.

Mu biyu ne mata a ɗakin mahaifiyarmu, ita ce babba, ni ce auta. A wani ƙauye muka tashi can bayan Zungeru, inda gona ce makarantar waƙa. Idan ana gayya, mai ba da waƙa sai ta jefa murya ta tsallake kunyoyin doya har ta iske wanda ke ƙarshen gona. Da ƙarfin wuya ake yin wannan, kuma da shi muka girma. Da aure ya kawo yayata Minna, suka zauna a Tudun Fulani, sai ta ɗauko ni ta sa ni koyon ɗinki. A hannunta na yi aure, gidana bai fi ƙetare layi daga nata ba.

A majami'armu ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata. Mata ne daga yare daban-daban, Hausa ce ke haɗa mu. Mu ɗaura zanen anko, wata ta rungumi tulun kiɗa, wata ta riƙe caki, yayata ta tsaya a gaba ta ɗaga haɓa ta saki murya, mu kuma mu amsa. Janareto na ruri a bayan taga, lasifika na ƙara, ita kuma tana kokawa da su duka, kuma ita ke yin nasara. Haka a sujada, haka a biki, haka idan mun fita aikin bishara ƙauyuka.

Akwai wani abu da muka ɗauka gaskiya ne a lokacin. Mun yarda cewa wadda ta tashi ranar Litinin da muryarta garau, to ba ta yi wa Ubangiji aiki da zuciya ɗaya ba. Disasshiyar murya lambar yabo ce a wurinmu. Ku haɗu a kasuwa, ki gaida 'yar'uwa ta amsa da raɗa, sai ki ce, “Sannu da aikin Ubangiji.” Ita kuma ta yi murmushi ta ciro namijin goro daga bakin zane ta gutsura. Ba mugunta ba ce, ba kuma wauta ba. Ƙauna ce da ba ta san hanya ba.

Wata shekara muryar yayata ta dishe kamar yadda ta saba, amma ta ƙi dawowa. Ta sha citta, ta sha zuma da lemon tsami, ta tauna namijin goro har ya ishe ta. Ana cikin haka aka shirya wa masu jagorar waƙa wani horo, aka gayyato wani malamin waƙa daga Jos. Ta je, ko da yake ba ta iya rera komai. Ranar da aka gama ta biyo ta shagona, ta zauna a kan benci kusa da keken ɗinki.

“Auta,” ta ce da wannan murya mai kama da jan buhu a kan siminti, “ashe shekara da shekaru da ƙota muke saran icce, bakin gatarin yana kallonmu.”

Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Hankalina yana kan ramar da na ga ta fara yi.

Daga baya muka je asibiti. Likita ya ce abu biyu ne. Akwai tsohon rauni na yawan matsa wa murya, akwai kuma wani ƙari da ya fito a maƙogwaro, wanda ya ce ba waƙa ce ta kawo shi ba. Aka tura mu babban asibiti. Muka yi ta zuwa muna dawowa, har ranar da aka ce mu koma gida a ci gaba da ba ta maganin rage zafi. Ba sai an fassara mana ba.

Ni aka ba jagorancin waƙa a madadinta. Lahadin farko na zage na yi yadda na ga tana yi, na dawo gidanta da yamma ina raɗa, ina jiran yabo. Tana zaune a tabarma a tsakar gida, ta jingina da bango.

“Tun daga nan na ji ki,” ta ce. “Na ɗauka akuya ce ta maƙale a danga.”

“Haba Yaya! Uwar Zumunta da kanta ta ce na gaje ki.”

“Shi ne abin da nake tsoro. Jawo kujera.”

Daga ranar, kullum idan na rufe shago da yamma sai in wuce wurinta. Ina feraye doya ko tsince wake, tana koya mini abin da ta ji a wurin horon nan, abin da ita kanta ba ta samu damar amfani da shi ba ko sau ɗaya. Ta kama hannuna ta ɗora a cikina, ƙasa da haƙarƙari, ta ce in ja numfashi har hannun ya motsa, kafaɗa kuwa kada ta ɗaga. Ta ce in saki muƙamuƙi kamar mai shirin hamma. Idan waƙa ta hau sama na ɗaga haɓa, sai ta sa yatsa ta danno ta ƙasa.

“Me kike nema a sama? Allah yana jin ki ko kin sunkuya.”

Babban darasin shi ne inda murya za ta zauna. Ta ce in rufe leɓɓa, in raba haƙora kaɗan, in yi “mmm” a hankali kamar ƙudan zuma a cikin amya, in ɗora yatsa a karan hancina. Ta ce in yi ta yi har sai na ji wurin yana rawa, leɓɓana suna ƙaiƙayi. Idan na ji haka, to murya ta bar wuya ta hau fuska, sai in buɗe baki a hankali in bar ta ta fita daga can.

“Dubi tulun kiɗanmu,” ta ce. “Wa ya taɓa shaƙe masa wuya don ya yi ƙara? Sarari ake bar masa.”

Na yi kwanaki ina wannan abu ban ji komai ba sai kunya. Maƙwabciyarta wata Hajiya ce mutuniyar Bida, mai sayar da kayan miya, katanga ce kawai ta raba su, kuma sun shaƙu ƙwarai. Wata rana ta leƙo ta kan katangar.

“Ƙawata, kiwon zuma kuka fara ne ba labari? In an kwashe a sammini.”

Yayata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Tun daga ranar muka sa wa darasin suna zuma. “Auta, zo mu yi zuma.”

Ranar da abin ya samu, ban shirya masa ba. Ina cikin yin zumata, hankalina ma yana kan wake, sai na ji karan hancina yana rawa a ƙarƙashin yatsana, kumatuna sun ɗauka. Na buɗe baki, wata murya ta fito wadda ban san ina da ita ba. Ba ta da ƙarfin ihu, amma ta cika tsakar gidan, har wani tiren silba da ke jingine a bango ya ɗauki zizar. Wuyana kuwa sakayau, kamar ba ni ke yi ba. Na dubi yayata. Ta rufe ido, tana gyaɗa kai.

“Yauwa,” ta ce. “Nan ne gidanta. Ni ban taɓa shiga ba, amma na raka ki har ƙofa.”

A watannin da suka biyo baya jikinta ya yi ta ja baya. Abinci ya koma kunu, kunun ma da cokali. Wata yamma ta ce tana da wata waƙa da ta haɗa a zuciyarta tana kwance, tana so ta ji ta a bakin mutum. Ta raɗa mini kalmomin, ta buga mini kiɗan da yatsa a kan gwiwata. Mai bayarwa za ta ce, “Na gama noma, Uba, ga fartanyata.” Masu amshi su ce, “Karɓi, Uba, rana ta faɗi.”

Na yi zumata, na ɗauko waƙar lafiya. Ina kaiwa kan fartanya sai na gane abin da nake rerawa. Nan take wani abu ya tokare mini wuya, muryar ta faɗo daga fuska ta maƙale, ta tsage. Na kifa kai a cinyarta.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ɗago ni.

“Kin ga abin da nake gudu? Maƙogwaro ɗakin kuka ne, Auta. Kada ki ajiye waƙa a ɗaki ɗaya da kuka, zai danne ta. Ban ce kada ki yi kuka ba. Bar shi a ɗakinsa, ki hau da waƙa sama.”

Ta nisa, ta huta, don magana tana gajiyar da ita.

“Wannan waƙa a bakin kabarina nake son ta, a gonar Baba. Can babu lasifika. Kuma na san matanmu. Kwanakin makoki za su yi ta waƙa har su ƙare, ke ma za su matse ki kamar lemo. Kada ki ba da waƙa ko ɗaya kafin ranar. Kada ki yi kururuwa. Ki ajiye mini muryar.”

“Yaya, don Allah ki bar irin wannan magana.”

“In na bari wa zai yi ta? Ke tela ce, kin san ba a yanka yadi sai an auna. Ki ce kin ɗauka.”

Na ce na ɗauka. A lokacin gani nake abu ne mai sauƙi.

Wata safiya ta tafi, a ƙarshen damina, mijinta yana riƙe da hannunta. Aka kai ta ɗakin ajiye gawa, aka sa ranar jana'iza nan da mako, don 'yan'uwa na nesa su iso.

A al'adarmu, idan mace ta rasu, ƙanwarta ce ke fara ɗaga murya, sauran mata su kama mata. Ni kuwa na zauna a bakin gadonta, hawaye na zuba, bakina a rufe. Kukan yana dukan ƙirjina yana neman hanya, ina haɗiye shi. Na sha wahala a rayuwa, amma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan shirun ba.

Kullum da yamma matan zumunta sukan cika gidan da ankonsu, da tulu da caki da lasifika. Suna son yayata, kuma hanyar da suka sani ta nuna so ke nan, su yi ta waƙa da iyakar ƙarfinsu. A rana ta farko Uwar Zumunta, dattijuwa mai kirki wadda ta riƙe mu kamar 'ya'yanta, ta miƙo mini makirfo.

“'Yata, tashi ki ba mu waƙa. Gidanku ne.”

“Mama, ki yi mini haƙuri. Yaya ta bar mini saƙo, sai a bakin kabari.”

Ta dube ni da mamaki. “Wane irin saƙo ne zai hana ƙanwa yi wa yayarta waƙa?”

Na sunkuyar da kai. Ta yaya zan tsaya a gidan makoki in ce wa matan da suka bar sana'arsu suka zo suna tsage wuya saboda ƙauna, wai yadda suke yi ba daidai ba ne? Washegari ta sake miƙo mini, na sake ba ta haƙuri. Daga nan ba ta ƙara ba, kuma ba ta ƙara kallon inda nake ba.

Magana ta fara yawo. Wata rana na zagaya bayan kicin ɗiban ruwa, na ji masu wanke-wanke.

“Ko ɗigon kuka mai sauti ban ji ta yi ba. Wadda ta raine ta fa!”

“Ai jira take jama'a su cika ranar jana'iza, ta nuna sabuwar muryar da ta koyo. Mu namu ihun ƙauye ne.”

Na koma da bokitina babu ruwa. A ranar na kusa karya alkawari. Na ce a raina bari in fita in ƙwace makirfon nan in yi ta ihu har jini ya fito, kowa ya san ina son yayata. Ina tsaye a lungu sai ga Hajiya ta shigo da ɗan kofi a rufe. Ruwan ɗumi ne da zuma. Ta sa mini a hannu, ta matso kusa.

“Ƙanwata, katangar nan ba ta da kauri. Na ji abin da ta ce miki ranar nan. Amana ce. Mai rai yana iya yafe miki alkawari, wanda ya tafi fa? Sha, ki bar su su faɗa.”

Na sha.

Ranar jana'iza aka yi sujada a majami'a, lasifika ta taimaki matan suka lallaɓa. Daga nan muka ɗauki hanyar Zungeru, motar gawa a gaba. Aka haƙa kabarin a gefen gonar mahaifinmu, inda muka koyi waƙa muna yara. Jama'a sun cika wurin har cikin kunyoyin doya. Iska tana kaɗawa daga wajen kogi, tana kwashe maganar Fasto tun kafin ta kai sahu na biyu.

Aka sauke akwatin, an shimfiɗa zanen ankonta a kai. Fasto ya gama addu'a, ya juya wajen mata ya ce a ba da waƙa kafin a tura ƙasa. Mai tulu ta fara bugawa. Uwar Zumunta ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta yi gyaran murya ta sake, haka. Ta dubi ta kusa da ita, ita ma ta gwada, abin ya fito kamar kukan ƙofa. Mako guda suna ba da abin da suke da shi, ya ƙare. Tulu ya yi ta bugawa shi kaɗai, sannan ya yi shiru. Na ga hawaye a fuskar Uwar Zumunta, na san ba na rashi ba ne kawai.

Na matsa bakin ramin. Na ja numfashi, na buɗe baki. Idona ya sauka a kan zanen nan, wanda ni na ɗinke masa baki da hannuna, sai kukan mako guda ya taso gaba ɗaya ya shaƙe ni. Babu abin da ya fito. Masu shebur suna jira. Na ji wata a baya ta yi tsaki a hankali.

Sai na rufe bakina. A gaban Fasto da dattawan gari da kowa, na ɗora yatsa a karan hancina kamar yarinya, na fara zuma. Da farko rawa take yi, tana yankewa. Kukan yana nan a wuyana, ban kore shi ba, na bar shi a ɗakinsa. Na ci gaba a hankali har na ji wurin ya ɗauki rawa a ƙarƙashin yatsana.

Abin da ya biyo baya ban taɓa tsammaninsa ba. Na ji wata zumar a gefena. Uwar Zumunta ce, ta rufe baki tana bi na. Ashe muryar da ta kasa waƙa tana iya wannan. Ta kusa da ita ta kama, ta bayanta ta kama, har duk matan suka ɗauka, gonar ta cika da wani sauti mai taushi kamar ƙasa ce ke nishi. A kan wannan sautin na buɗe baki.

“Na gama noma, Uba, ga fartanyata.”

Ta fita. Hawaye na gudu a fuskata, ƙirjina na ciwo, amma muryar tana sama inda yayata ta ajiye ta, iska ba ta iya kwashe ta ba. Babu wanda ya san amshin, don ba a taɓa rera waƙar a gaban jama'a ba, sai na yi shirin amsa wa kaina. Kafin in buɗe baki wata murya ta namiji ta riga ni. Mijinta ne, mutumin da tunda nake ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Ashe yana ɗaki yana jin mu duk yammacin nan.

“Karɓi, Uba, rana ta faɗi.”

Na sake bayarwa, maza suka kama masa. A karo na gaba har tsofaffin da ke can ƙarshen gona, inda yayata takan jefa murya da ƙarfin wuya tana budurwa, na ji sun amsa. Da wannan waƙa aka tura ƙasa. Ban tsaya ba sai da kabarin ya cika. Sannan na durƙusa a kan jar ƙasar, na saki kukan da na riƙe mata, na yi shi da dukan wuyana, don babu sauran abin da zan ajiye.

Hannun da ya ɗago ni na Uwar Zumunta ne. Ta share mini fuska da bakin zanenta, ta kawo bakinta kusa da kunnena, don raɗa kawai ta rage mata.

“'Yata, mun ɗauki alhakinki. Ki yafe mana. In kin huta, ki zo ki koya mana wannan abin.”

Har yau ni ke ba da waƙa a zumuntarmu, kuma kafin mu fara kowace waƙa sai mun yi zuma. Sababbin shiga sukan yi dariya idan suka ga manyan mata da yatsa a hanci. Nakan bar su su dara, ita ma da tana nan da ta dara.

Abin da wannan mako ya koya mini shi ne, Ubangiji da ya ba mu tulu bai ce mu fasa shi don mu nuna muna ƙaunarsa ba. Ba a auna so da yawan abin da mutum ya lalata a jikinsa, kuma wani shirun ya fi kururuwa tsada. Baƙin ciki ba ya tafiya, ni shaida ce, nawa yana nan a ɗakinsa har gobe. Amma ba shi kaɗai ke da gidan ba. Duk ranar da na tsaya gaban jama'a na ji ya taso ya tokare mini wuya, nakan rufe baki, in ɗora yatsa inda yayata ta ɗora mini shi, in jira har waƙa ta hau sama.